Tulun Irin Tsohuwa

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga Ɗan Tsohuwa, a Tawa, gidan kawunsa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi maka barka da sauka. Ina fatan ka iske kawunka da iyalinsa lafiya. Allah ya tsare ka a garin mutane, ya tsare ka daga motocin birni da abokan banza, ya haɗa ka da masu tuna maka lokacin salla.

Ƙanwarka Rabi ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa. Ta ce a sa sunanka a saman takarda, wai haka malaminsu, mushe, ya koya musu a lakwal, makarantar boko. Na ce ta rubuta abin da na saba kiran ka da shi. Kai ɗan fari ne, shekara goma sha tara ban kama sunanka ba, ba yau zan soma a gaban yarinya ba. Ta kuma ce me zai hana in yi magana cikin waya a tura maka, ya fi sauƙi. Ba na son maganata ta shiga wannan wayar ta zauna kusa da gonar wasanka ta ciki. Kuma in da muryata ce, na san ba zan kai ƙarshe ba.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Ranar da za ka tafi ka durƙusa bakin ƙofata ka ce, "Inna, na tafi." Na ce, "To." Abin da ka samu daga gare ni ke nan. Ka fita da sunan yaron da ya kashe irin geron kakarsa, har yau haka ake faɗi a gari. Ka ɗauki kayan nan kai kaɗai, alhali mafi yawansa nawa ne. Shi zan sauke maka, ɗaya bayan ɗaya.

Lokacin da kawunka ya aiko maka da wayar nan, na leƙa ta bayan kafaɗarka ina wucewa da tulun ruwa. Na ga gona kore shar, ga shanu masu ƙiba, ga kaji, ga rumbu ja mai rufin kwano. Sa'o'inka suna kallon kokawa da rawa cikin nasu, kai kana shuka kana girbi. Na ji sanyi a raina. Na ce ai wannan noma yake koyo. Ban tambayi kowa ba, ban tambaye ka ba, na yanke wa kaina cewa abu mai kama da noma, noma ne.

Kakarka Tsohuwa tana da rai a lokacin, ita ba ta ruɗu ba. Ka tuna ranar da ta ce, "Angona, miƙo mini wagga gona taka in shinshina"? Ka miƙa mata, ta kai hanci, ta juya ta gaba da baya.

"Ba ta warin komi. Wa ke kai mata taki?"

Ka ce, "Da yatsa ake sa shi, Tsohuwa."

Ta ce, "To taho ka sa mini da yatsa ga tawa gonar, bayana shi huta. Miji ke nan, ina da shi amma ni ke ɗaukar kashin awaki."

Kowa ya yi dariya, har ni, ina tuƙa tuwo. Na ɗauka wasan jika da kaka ne. Sai yanzu na gane faɗa take yi maka, ni kuma da dariyata na ɓata mata faɗan. Don haka ina gaya maka, a birni za ka ga abubuwa da yawa masu kama da aiki, masu kama da arziki, masu kama da abota. Kafin ka ba da zuciyarka, ka nemi wanda ya tsufa a cikin abin ka tambaye shi. In tsoho ya yi maka wasa a kan wani abu sau biyu, ka tsaya ka saurara da kyau.

Da Tsohuwa ta rasu, babu wanda ya maye gurbinta a kanka. Ita ta goye ka, ita ke yi maka faɗa, ita ke tashin ka da kara in rana ta fito kana kwance. Babanka kuwa duk rani yana wajen bida, neman kuɗi a wasu garuruwa, sai damina ta kusa yake dawowa. Saura ni. Ni kuma kunyar ɗan fari ta ɗaure mini baki. Ranin bara aikin tassa, haƙar ramukan shuka, ya faɗo kanka. Ka san fakon nan namu, ƙasa ce mai tauri kamar daɓe, in ba a haƙa ramuka an zuba taki tun da rani ba, ruwa gudu yake yi ya wuce. Ka haƙa kwana huɗu, hannunka ya yi kanta, ka ajiye diga. Kullum in na tafi rijiya sai in hango ka gindin bishiyar bedi wajen mai cajin waya, kai a sunkuye. Sau nawa na tsaya da tulu a kai, magana ta zo mini har wuya, in haɗiye in wuce. Na ce uwar kirki ba ta sa wa ɗan fari ido. An yaba mini a kan haka, mata suna cewa wance akwai kunya. Na ci yabon, gona ta zauna rabi babu tassa.

Kada ka yi irin shiruna. Kuma inda kake, in ka samu wanda ke iya kallon idonka ya ce maka ka yi kuskure, ka riƙe shi ko da ba ka son ganin sa. Kawunka mutum ne mai faɗa. Kada ka bar gidansa saboda faɗan.

Ba zan ce wasan nan bai koya maka komai ba, ƙarya ke nan, kuma Rabi tana nan za ta ɗago kai ta kalle ni. Ya kaifafa maka lissafi. Kalmomin Faransancin da mushe ya kasa sa maka a kai, a can ka iya su, har kai ke karanta mana takardar maganin awaki. Ka koyi tsara abu, wannan a yi shi kafin wancan. Ka koyi tashi da wuri, ko da yake tumatirin cikin waya kake tashi tsinka. Har jira ya koya maka. Amma jiran abin da ka tabbata zai zo ne. Ka shuka, agogo ya ƙirga, ya nuna. Na taɓa tambayar Rabi, "In ya manta bai ba su ruwa ba fa?" Ta ce, "Jiran shi suke yi, Inna, ba su mutuwa." Tun daga nan ya kamata in farga. Mu nan ƙasar Adar duk nomanmu a kan abin da ke mutuwa aka gina shi. Gonar da ba ta taɓa mutu maka a hannu ba, me za ta gaya maka game da tamu?

Maimakon in farga, sai na ɗauki abin na kai rijiya. Ba na iya yabon ka kai tsaye, sai in bi ta gefe. In ce, "Wai an ce yaron gidan nan an ƙara masa gona ta huɗu cikin waya. Wai da mutanen wasu ƙasashe yake gasa, yana cin su." Maƙwabciyarmu Hajo tana jan guga ta ce, "Madalla. Allah shi sa a ɗiba mana tuwonta mu ɗanɗana." Na ji haushi, kwana uku ban gaishe ta ba. Alfaharin nan shi ya ɗaure ni daga baya, don wadda ta gaya wa mata ɗanta ya fi tsofaffi sanin noma, da wane baki za ta ce masa bai sani ba? Kada ka yi kurin abin da ba ka ci ba tukuna. In ka soma gyaran wayoyi a rumfar kawunka, ka bar wanda ka gyara wa ya faɗa.

Yanzu maganar tulu. Rabi ta ce in sha ruwa tukuna. Na sha.

Ka san irin geron nan, mai gajeren kai, mai saurin nuna, wanda ko damina ta ɗauke da wuri yana kai mu gida da wani abu. Tsohuwa ta iske shi hannun surukarta, ita ma ta iske shi hannun tata. Abin da ba ka sani ba, don ba a gaya wa yara maza, shi ne yadda ake riƙon sa. Da kaka, kafin a yi girbi, Tsohuwa kan shiga gona ita kaɗai ta zaɓi zangarniyar da ta fi cika. Ta kasa uku. Kashi ɗaya na shukar fari. Kashi na biyu na sake shuka, in ruwa ya yaudare mu. Kashi na uku ta sussuke, ta gauraya da toka, ta zuba a tulu, ta liƙe baki da laka, ta binne ƙarƙashin gadonta. Wannan ba a taɓa shi sai an ga sabon iri ya shigo gida. Ko yunwa ake ba a taɓa shi. Saura kwana biyu ta rasu ta kama hannuna ta ɗora a kan wurin ta ce, "Ɗiyata, ko mijinki ya tambaya, ba ki sani ba." Na ce na ji.

Sai ga ruwan nan ya sauko tun kafin lokacinsa, babanka bai dawo ba, tsofaffi ko sungumi ba su fiddo ba. Da safe gari ya yi ƙamshi. Ka zo bakin ƙofata ka tsaya, abin da ba ka saba yi ba.

Ka ce, "Inna, yau za mu shuka, duka gonar, har fakon da ba a haƙa ba. Wanda ya riga shuka shi ke riga girbi."

Na ce, "Iri ba zai kai ba."

Ka ce, "A haɗa da na sake shuka. Kuma na san Tsohuwa na da wani a ɓoye. Inna, abin da ke kwance cikin rumbu ba ya haihuwa. Na gwada sau ba adadi, duk wanda ya bar iri a ajiye da fili babu shuka, shi ake bari baya."

Na ce, "Ka gwada a ina?"

Ka taɓa aljihunka, inda wayar take.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai shekaranjiya. Kafin ka zo, na riga na zaga bayan ɗaki na tona ƙasa da hannu, yadda Tsohuwa ke yi. Ita sai laima ta kai mata wuyan hannu take yarda a shuka. Ni ban wuce tsawon yatsa ba na iske busasshiyar ƙasa. Na sani. Wallahi na sani ruwan ƙarya ne. Amma tun da na haife ka ba ka taɓa tsayawa ka yi mini magana mai tsawon wannan ba, ba ka taɓa roƙo na komai ba, kullum wajen Tsohuwa kake kai buƙatarka. Ranar farko da ka zo wurina, ban iya cewa a'a ba. Na ja gado, na tona, na fasa lakar da hannuna, na tankaɗe tokar, na auna maka. Kai ba ka ma san inda tulun yake ba.

Sauran ka gani da idonka. Shuka ta fito kyakkyawa, ka ɗauki hotonta. Sannan sama ta bushe, mako uku babu ko ɗigo. Wadda ke kan fako ta fara mutuwa, ta cikin tassa ta ɗan daure, ita ma ta bi. Na gan ka kana ɗaukar ruwa a jarka daga rijiya kana zuba wa ramuka ɗaya ɗaya, tsakar rana, ƙafarka duk ƙaya. Rami nawa jarka za ta shayar? Ranar ka soma zama manomi, amma ba a kan wannan iri ya kamata ka koya ba. Ni na ba ka shi ka koya a kai.

Nasihata a nan gajera ce. Duk abin da ka samu, ka kasa uku. Kuma duk wanda ya ce maka ka zuba duka don ka riga kowa, ka tambaye shi abin da ya taɓa mutu masa.

Laifina mafi girma yana gaba. Babanka ya dawo ana ruwan gaske, kowa ya fita sake shuka, mu babu ko ƙwaya. Ya zaga gona, ya dawo, ya iske tulu a tsakar gida baki buɗe. Mutane sun shigo yi masa barka da zuwa, har Hajo tana nan. Ya ɗaga murya ya ce, "Wa ya buɗe tulun ga?" Ina zaune bakin murhu. Kalma biyu ce kawai ya kamata in faɗa, "Ni ce." Ka juyo ka kalle ni, sau ɗaya, sannan ka sunkuya ka ce, "Ni ne, Baba." Ya ce maka abin da ya ce, ba zan sa Rabi ta rubuta ba. Ya ce ka je ka ci tuwon waya. Mutane suka ɗauka suka fita da shi, har yara suna kiran ka manomin yatsa. Ni kuwa ina ta gyara itacen da ba ya buƙatar gyara. Na gaya wa kaina kunya ce, uwa ba ta shigar wa ɗan fari a gaban mutane. Ba kunya ba ce. Tsoro ne, na lulluɓe shi da zanen kunya.

Irin da muka samo a kasuwa dogo ne, na ƙasar da ruwa ke daɗewa. Ya yi kara, ya fid da kai, ruwa ya ɗauke bai cika ba. Ka ga abin da ya shiga rumbu. Ka ga yadda babanka ya daina kiran ka cin abinci tare da shi. Da ka ce za ka tafi Tawa, ban hana ba, don na san ba aiki ka tafi nema ba, idon mutane ka gudu.

Shekaranjiya na gaya wa babanka. Na kai masa fura, na durƙusa, na ce ni na fasa tulun, kuma na san ƙasa ba ta jiƙa ba. Ya daɗe yana juya ludayi. Sannan ya ce, "Na sani tun ranar. Yaro bai san inda tulun yake ba, ni kaina ban sani ba."

Na ce, "To don me ka yi masa haka?"

Ya ce, "Ina jiran ki yi magana. Ba ki yi ba. Ni kuma baki ya riga ya buɗe."

Ka ji iyayen da Allah ya ba ka. Ɗaya ta sani ta yi shiru, ɗaya ya sani ya yi ihu. Ba na gaya maka don ka raina shi ba, ubanka ne, kuma tun ranar da ka tafi bai gama kwanonsa ba. Na gaya maka ne don ka daina ɗaukar abin da ba naka ba. Naka shi ne ka ajiye diga, kuma ka yarda da waya fiye da ƙasa. Wannan kam naka ne, ba zan ɗauke maka ba. Sauran namu ne.

Kawunka ya aiko cewa kana maganar wucewa Abijan in ka samu na mota. Ba zan ce kada ka je ba, maza nawa garin nan suka je suka dawo. Amma ka fara jin wannan. Makon jiya na tafi Takanamat wajen gwaggonka, wadda Tsohuwa ta ɗiba wa irin nan lokacin da aka kai ta ɗaki. Na yi ta addu'a a hanya kada ya zama ta bar shi. Yawancin nata ya gauraya da wasu, amma akwai ɗan gefen da take ware wa na uwarta. Ta shiga rumbu ta fito da zangarniya tara. Ta ce, "Ke nan abin da zan iya. In kun kashe wannan, kada ki sake zuwa." Ban ji haushinta ba.

Zangarniya tara ba ta cika gona, amma ta isa wani gefe na fako in an haƙa tassa da kyau an ciyar da ita taki. In Allah ya ba da, shekara biyu iri ya dawo. Sai dai ba ya son dogon ajiya, bana ya kamata ya shiga ƙasa. Babanka ya ce shi ya gama da fakon nan, bayansa ba ya ɗaukar diga, in rani ya raba ba a haƙa ba, zai ba mijin Hajo aronsa. Ni ba na iya haƙa. Rabi ta ce za ta gwada, ka san hannunta.

Na kasa uku yadda aka koya mini. Uku na shukar fari, suna rataye a ɗakina. Uku na sake shuka, suna wajen babanka. Uku na ƙarshe, waɗanda ba a taɓawa, ban sa su a tulu ba. Na riga na nuna ban iya tsaron tulu ba. Su ne cikin ƙunshin tsumman da direban motar kasuwa zai ba ka tare da wannan takarda. Kada ka sussuke su. Ka rataye inda ɓera ba ya kai, nesa da laima, ka riƙa dubawa saboda ƙwari. Babu agogon da zai tuna maka, kuma in ka manta da su ba za su jira ka ba.

Babanka bai san na aiko ba tukuna. In ya tambaya, wannan karon zan buɗe baki. Hajo ta gan ni ina ƙunshewa ta ce, "Ke, ba ki daddara ba? Shi za ki ba?" Na ce shi. A gaban mata huɗu na faɗa, da ƙarfi, ban bi ta gefe ba.

In ka wuce Abijan da su, can za su ruɓe, ƙasar ruwa ce. In ka ba wani ya kawo, zan karɓa, in gane amsarka. Abin da nake roƙo shi ne ka kawo su da hannunka kafin zafi ya tsananta. Digarka tana inda ka jingine ta, na hana kowa ɗauka. Wayar ma ka zo da ita, ba ni da faɗa da ita yanzu, ka karanta mana takardun magani. In ruwa ya sauka, ni da kai za mu zaga bayan ɗaki, in nuna maka yadda ake tona ƙasa da hannu.

Ka gaida kawunka da matarsa da yara. Ka ci abinci. Ka riƙe salla. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare abin da ke hannunka, ya sa ka yafe mini, ya nuna mini ranar da za ka yi sallama a ƙofar gida. Allah ya jiƙan Tsohuwa. Amin.

Daga mahaifiyarka.

Yaya, ni ce Rabi, wannan ni na ƙara. Ka yi haƙuri da rubutuna. Da muka gama Inna ta karɓi ƙunshin ta riƙe, ta faɗi sunanka sau ɗaya a hankali, ta ce kada in rubuta. Ban rubuta ba. Na soma tara kashin awaki a bayan ɗaki, buhu ya kusa rabi. Ka zo.